Tsiron Dawa da Kurakuran Sabon Shiga

A shekarar 1988 Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai masana'antun giya suka koma ga dawa, musamman irin SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Masu dafa burukutu a Sabon Garin Zariya kuwa tun da can da tsiron dawa suke aiki.

Idan dawa ta tsira, sinadarin amilas yakan mai da sitacinta sukari, sa'an nan yis ya mai da sukarin barasa. A wurare uku sabon shiga ya fi yin kuskure. Na farko, yakan niƙa tsiron tare da saiwarsa da tohonsa, alhali a nan gubar sayanayid take taruwa. Wajibi ne a shanya, a murje su. Na biyu, yakan adana tsiron da laima har ya yi fumfuna, wadda kan haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Na uku, yakan zuba yis cikin dahuwar tun ba ta huce ba, zafin digiri 60 kuwa yana kashe shi.

Kumfar da kan firgita sabon shiga iskar kabon-dayoksaid ce, alamar yis yana raye.