Mutuwar Zuciya A Harkar Kasuwanci: Inda Take Farawa Da Yadda Ake Maganinta

BAUCHI — A unguwannin cikin ganuwar Bauchi irin su Ƙofar Dumi, galibin sana'o'i na mutum ɗaya ne: mai tireda, tela, mai injin niƙa. Shi ne mai jari, shi ne akawu. Saboda haka idan zuciyarsa ta mutu, sana'ar ma ta kama hanyar mutuwa. Alamun sanannu ne: buɗe kanti a makare, daina zuwa sari, da barin kaya suna kwantai.

Wannan hali ba lalaci ne ke haddasa shi ba. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira. Ya zuwa Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Dattawan 'yan kasuwa sun taɓa ganin irin haka bayan shirin SAP na 1986.

Illar hauhawar farashi ita ce tana cin uwar kuɗi a ɓoye. Alal misali, mutum ya saro katan a kan Naira 10,000, ya sayar 11,000, yana murnar riba. Da ya koma Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal sai ya tarar katan ya kai 12,000. Ciniki na tafiya, amma kanta na ramewa. Wanda yake wahala kullum bai san inda kuɗinsa ke zurarewa ba, dole gwiwarsa ta yi sanyi.

Don haka matakin farko shi ne lissafi. Ɗan kasuwa ya keɓe rana guda ya ƙirga kayan da ke hannu, ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa, sannan ya raba kuɗin cefane da na sana'a. Asarar da aka san iyakarta ta fi wadda ake zato sauƙin ɗauka. Daga nan sai ya riƙa sa farashi bisa abin da zai biya a sari na gaba, ba na baya ba.

Na biyu, a rage buri a ƙara juyi. A karya farashin kayan da suka yi kwantai, a zuba kuɗin cikin 'yan kayan da ke fita kullum. Ƙaramar ribar da ake gani duk mako ita ke farfaɗo da zuciya, domin himma tana bin bayan aiki ne, ba ta riga shi zuwa.

Na uku, kada a kaɗaita. Adashi da ƙungiyar 'yan kasuwa suna tilasta wa mutum ajiya, suna kuma kawo masa labarin farashi. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa bisa dokar 2003, tana horar da masu ƙananan masana'antu. Sai dai cin bashi kafin lissafi ƙarin nauyi ne kawai.

Wani lokacin kuwa hanyar ce ta sauya. Alhaji Alhassan Dantata ya fara ne da fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja, sai ya karkata can, har ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa. Lokacin da ya rasu a 1955, yana cikin attajirai mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Kayan ya sauya, amma sanin ciniki da amanar da ya tara suka bi shi.

Mai kanti a Ƙofar Dumi ba shi da iko a kan farashin mai ko na Dala. Amma littafin lissafinsa, da kayan da zai saro gobe, da lokacin buɗe ƙofarsa, duk suna hannunsa. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.