Sanwicin ƙwallon nama, ba nama ba fulawa: yadda ake haɗa shi da awara da sinasir

 Daga nan Sakkwato Birnin Shehu nake gaishe ku. Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau kicin za mu shiga, maza da mata. Akwai wani abinci da Turawa ke ji da shi: a niƙa nama, a dunƙula shi ƙanana kamar ƙwallo, a soya, a zuba masa miyar tumatir, a cusa cikin burodi. To yanzu ana yin irinsa ba nama ba fulawa, kuma in kun gan shi a intanet sai ku ɗauka sai mai kuɗi. Ni kuwa abin da nake so ku riƙe shi ne, duk kayan haɗinsa suna nan a kasuwanninmu, iyayenmu ma sun daɗe suna sarrafa su. Sai dai akwai wuraren da alkama ke ɓuya, kuma ga wasu mutane wannan magana ce ta lafiya.

Bari mu fara da kalmomi biyu. Ta farko ita ce bigan, wato mutumin da ba ya cin duk abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, har zuma. Wani Bature ɗan Ingila, Donald Watson, shi da abokansa suka ƙirƙiro kalmar a 1944. Kar wani ya ce na haramta nama fa. Nama halal ne, kuma Sakkwato garin dabbobi ne. Amma ku faɗi gaskiya, gida nawa ne ake cin nama kullum a wannan tsadar?

Kalma ta biyu ita ce gulutin. Wani sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana miƙewa, shi ke riƙe iska har burodi ya kumbura. Ga yawancinmu ba ya komai. Amma akwai cuta mai suna siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. In mai ita ya ci alkama, garkuwar jikinsa sai ta far wa ƙaramin hanjinsa, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Sai a ga gudawa ta ƙi tsayawa, ciki na kumburi, jini na ƙaranci, yaro yana ci amma ba ya girma. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙarta da alkama. Ya lura yaran da yake dubawa sun samu sauƙi lokacin da burodi ya yi wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Kuma kar a ce ciwon Turawa ne: binciken da aka buga a 1999 ya samu fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya suna da ita.

Ga kuma batun aljihu. Mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa da dala ta motsa sai burodi ya bi ta. Wake kuwa Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye. Shinkafa ga ta nan a fadamun Wurno da Goronyo, albasa kuwa ba sai an faɗa wa Basakkwace ba.

To, mu je ga aiki. Abu uku za mu haɗa: ƙwallon, miya, da abin da zai maye gurbin burodi.

Ƙwallon da awara za mu yi shi, wadda wasu ke kira ƙwai-da-ƙwai, ko da yake ba ruwanta da ƙwai. Waken suya ne zalla, kuma kusan kashi 36 cikin 100 na busasshen waken suya sinadarin gina jiki ne, farin wake kuma kusan kashi 24. Ku je wurin mai awara ku ce ɗanya kuke so, wadda ba a soya ba. Ku tanadi awara kofi 2 bayan an marmasa ta, dafaffen wake kofi 1, garin ƙuli-ƙuli cokali 3, garin rogo cokali 2, garin kuka rabin ƙaramin cokali, albasa 1, tafarnuwa, citta, attaruhu, daddawa dakakkiya da gishiri.

Sirrin farko, matsa. A sa awarar a tsumma mai tsabta, a ɗora mata abu mai nauyi na kamar minti 20. In ruwa ya rage a cikinta, ƙwallon zai watse a cikin mai. Waken kuma a dafa shi ya yi laushi, a tsane ruwan, a daka shi sama-sama. A yanka albasa ƙanana a ɗan soya ta tukuna, don ɗanyar albasa na fitar da ruwa.

Sai a zuba komai a roba a cakuɗa da hannu. Kowane abu da aikinsa fa. A ƙwallon nama na asali ƙwai da garin burodi ne ke riƙe shi, a namu garin rogo da kuka ne, kamar dai yadda suke yi a ɗanwake. Ƙuli-ƙuli shi ke kawo ƙamshin nan mai kama da na tsire, daddawa kuma ta ba da ɗanɗanon da bakinku zai nema in ba nama. Mai rashin jituwa da gyaɗa ya cire ƙuli-ƙulin, ya ƙara wake. Ku dunƙula ɗaya ku gwada: in ya tsattsage ku yayyafa ruwa kaɗan, in yana manne wa hannu ku ƙara garin rogo. Ku dunƙula su kamar girman lemon tsami, za ku samu wajen 16. A rufe su a bar su su huta minti 30, a firij in akwai wuta, in babu a wuri mai sanyi. Sannan a soya a wuta matsakaiciya, kar a juya sai ƙasan ya yi ja.

Miyar ba ta da wahala. Tumatir 5, tattasai 2, albasa 1, a markaɗa, a dafa ruwan ya tsotse, a soya da ɗan mai. Ta yi kauri sosai fa, don miya mai ruwa jiƙa sanwici take yi ya lalace. A ƙarshe a zuba ƙwallayen su yi minti 5 a ciki, kar su wuce haka.

Yauwa, saura burodin. Nan sinasir zai shigo. A jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 3 ta kwana, a wanke, a zuba dafaffiyar shinkafa ludayi 1 da ɗan albasa a markaɗo. A sa yis ƙaramin cokali 1, sukari kaɗan da gishiri, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi. Da zafin Sakkwato, awa 1 zuwa 2 ya tashi. Wasu na zuba nono a ƙullin, mu ba za mu sa ba. A shafa mai a kasko, a zuba ludayi 1, a rufe, ba a juya shi. Tun da shinkafa ba ta da gulutin, sinasir ba ya miƙewa, in ya huce karyewa yake yi. Don haka tun yana da ɗumi za a jera ƙwallo 3 ko 4 a gefe guda, a sa miya, kabeji da yankakkiyar albasa, a ninke. In masa kuka fi so, a tsaga ta biyu a sa ƙwallo ɗaya a tsakiya, daidai hannun yaro ɗan makaranta.

Yanzu ku saurara da kyau, musamman masu mai siliyak a gida. Shi ɗan kaɗan ma yana cutar da shi. Injin markaɗen unguwa, in an niƙa alkama kafin naku, ragowarta na shiga, don haka a wanke injin sosai ko a yi amfani da bilanda a gida. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki bai dace ba. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya da wasu hodar kumbura fulawa suna da garin alkama, ku karanta abin da aka rubuta a jikin leda. Wasu masu masa da ɗanwake suna ƙara fulawa, ku tambaya kafin ku saya. Gurasa, alkaki, funkaso, alkubus, taliya, kuskus da semo duk alkama ne. Gero, dawa, masara, acca, shinkafa, rogo da doya kuwa lafiya lau.

Gargaɗi biyu kafin in rufe. Na ɗaya, in kuna zargin siliyak a jikinku ko na ƙaninku, kar ku daina cin alkama da kanku. Ku fara ganin likita, don gwajin jinin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkamar. Na biyu, wanda ya bar nama da ƙwai da nono gaba ɗaya ya sani cewa bitamin B12 ba a samunsa isasshe a tsirrai. Rashinsa na kawo ƙarancin jini, yana kuma taɓa jijiyoyi, saboda haka sai an haɗa da ƙwayarsa bisa shawarar likita, balle mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara.

Matasa masu neman sana'a, ku duba wannan da idon basira. Awara da sinasir kowa ya san su, haɗa su ne sabo. Amma duk wanda ya rubuta "ba fulawa" a kan abin sayarwarsa ya ɗauki amana, ya tabbata ya raba mai da kasko da inji.

Ku gwada ranar Asabar, ku fara da rabin awon da na faɗa don ku ga yadda hannunku zai kama. Mu haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.