Numfashin Tankin Gas: Ƙaramar Kafar da Kan Tsayar da Tirela

Titin Nnamdi Azikiwe, wanda ya kewaye birnin Kaduna ta yamma, shi ne hanyar da manyan motocin da suka taso daga Kano da Zariya suke bi domin kauce wa cunkoson tsakiyar gari, kuma tun daga Mararrabar Jos, inda direbobi kan ya da zango, har zuwa Kawo da Mando da Kurmin Mashi, ba a cika rasa tirela a gefen hanya an ɗaga kanta, bakanike yana tsugune a kan inji ba. Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da kanikawa suka saba ji akwai na motar da kan tashi lafiya, ta yi tafiya mai nisa, sannan ta fara sanyi, totur ya daina amsawa, har ta kai ga mutuwa, amma da zarar ta huta sai ta sake tashi kamar ba ita ba. Hukuncin da aka fi gaggawar yankewa shi ne famfon gas ya lalace, alhali sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, tankin ne ya kasa numfashi.

Man dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, yana bin doguwar hanya kafin ya ƙone. Ƙaramin famfo ne yake zuƙo shi daga tanki ta cikin tiyo, ya bi da shi ta filta ta farko mai raba shi da ruwa, sannan ta biyu mai kama ƙananan datti, kafin ya miƙa shi ga babban famfo, wanda aikinsa shi ne matse man da ƙarfi ya tura shi zuwa nozul, wato bakin da ke fesa shi cikin silinda ya zama kamar hazo. Abin da inji bai sha ba kuwa yakan koma tanki ta wani tiyo dabam. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera irin wannan babban famfo da yawa a 1927, kuma tsofaffin motocin da har yanzu suke ɗaukar kaya a Arewa da jikokinsa suke amfani. Sababbin injuna suna tara man ne a bututu guda da dukkan nozul suke sha daga gare shi, tsarin da kamfanin Denso na Japan ya fara sa wa manyan motoci a 1995, kuma matsin da ke cikin wannan bututu yakan kai 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", alhali iskar tayar tirela ba ta wuce 8 ko 9 ba.

Duk wannan ƙarfi a ɓangaren turawa yake. Ɓangaren zuƙowa mai rauni ne ƙwarai. Kowace lita da ta fita daga tanki dole iska ta maye gurbinta, kuma wannan iska tana shiga ne ta wata 'yar kafa da ke jikin murfin tanki, ko ta siririn tiyo da ke fitowa daga samansa ya lanƙwasa ƙasa. Idan kafar ta toshe, matsin da ke cikin tankin zai yi ta raguwa yayin da mai yake ƙarewa, har ƙaramin famfo ya kasa rinjayarsa, kamar yadda mai tsotsar ruwa daga gorar roba ba tare da ya saki bakinta ba yake ganin gorar ta motse, ruwan kuma ya daina zuwa. Iskar duniya tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga tankin alminiyam ya loɓa ciki kamar an taka shi. Kafar tana aiki ta ɗaya fuskar ma, domin gas yana kumbura da zafi: tanki mai lita 400 da aka cika da sanyin asuba zai ƙaru da lita 6 zuwa 7 idan zafinsa ya hau da digiri 20, abin da ranar Maris da Afrilu da kuma ɗumin man da ke dawowa daga inji suke iya jawowa.

Yanayin Kaduna yana ba wannan kafa wahala. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi daga Sahara, kuma idan ta haɗu da maiƙon da ke bakin tanki sai ta zama taɓo mai danƙo, ta bushe ta liƙe kafar. Motar da ta daɗe a ajiye tana jiran lodi ko kayan gyara kuma, zanzaro kan sami bakin tiyon ya yaɓe shi da laka ya yi ɗaki, abin da ba a gani sai an tura waya an ga busasshiyar ƙasa tana zubowa. Amma mafi yawan toshewar daga hannun mutane take. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, tsoron masu zuƙe mai da dare ya sa wasu direbobi suna canza murfi da wanda ke da makulli ba tare da duba ko yana da kafar iska ba, wasu kuma idan murfi ya ɓace sai yaron mota ya rufe bakin da leda ya ɗaure tamau da robar taya. Haka nan mai son ƙarin tanki ko faci yakan nufi masu walda, irin gwanayen da suka sa kasuwar Panteka ta yi suna, kuma komai kyawun aikin, idan mai mota bai ambaci kafar iska ba tana iya salwanta ƙarƙashin fenti.

Gwajin ba ya cin ko kwabo, shi ya sa abin takaici ne a kwance famfo kafin a yi shi. Da zarar mota ta yi sanyi, a tsaya a kashe inji, a kwance murfi a hankali ana saurare. Idan murfin ya yi tauri, aka kuma ji iska ta faɗa ciki da ƙara, sannan motar ta dawo da ƙarfinta, to an gano mai laifi. Idan ba a ji komai ba, sai a koma kan filta, da gaɓoɓin tiyo inda iska kan kutsa cikin mai, da ƙaramin famfo, babban famfo ya zo daga ƙarshe.

Jinkirin gyara yana da tsada, domin gas ɗin da kansa shi ne ke sa santsi a sassan cikin famfo da nozul, kuma famfon da ke aiki da ƙarancin mai mai kumfa yana cin ƙarfensa ne, har zargin da aka yi masa da farko ya zama gaskiya. Cire murfin gaba ɗaya ko huda shi da ƙusa ba mafita ba ce, domin ta nan ƙura da ruwan sama za su shiga. Da damina ma, daga Mayu zuwa Oktoba, tankin da ya kwana rabi yana shaƙar iska mai laima, wadda kan zama raɓa a jikin ƙarfe ta gangara ƙasan mai, saboda haka gogaggun direbobi suke cika tanki da yamma, su kuma buɗe ƙasan filta ta farko da safe su zubar da ruwan da ya kwanta kafin su ɗauki hanyar Abuja.