3.4 Sukar Masu Ra'ayin Gurguzu a Kan Shirin Rancen Noman Shinkafa

A wannan sashe za a dubi yadda masu ra'ayin gurguzu ke kallon shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba, 2015. Aƙidar da aka gina shirin a kanta ita ce, muddin aka haɗa ƙaramin manomi da bashi da injin ban ruwa da babban kamfani, to talauci zai kau.

Masu wannan ra'ayi kuwa cewa suke an tsallake muhimmiyar tambaya, wato wa ya mallaki injin casa? Manomin fadamar Argungu ya karɓi iri da taki bashi, ya biya da shinkafar da ba a casa ba. Ribar casa da sayarwa tana hannun manyan masana'antu, irin ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Amma da ambaliyar 2020 ta cinye gonaki, wanda ya fi jin jiki shi ne manomin.

Wannan suka ba sabuwa ba ce. Bjorn Beckman ya yi irinta a kan madatsar ruwan Bakolori, inda aka kashe manoma masu neman diyyar gonakinsu a 1980.