Ɗalibanmu Na Ilmin Muhalli: Hanyar Samun Bursi Ta Bakin Kogin Kwara Ta Bi

A DUK shekara, da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar Bak, akan ga yara daga Malanbil da Karimama da Gene da Garu da Madekali sun ɗaura kayansu sun nufi Faraku ko Kwatano domin karatun jami'a. A cikinsu akwai masu zaɓar fannin muhalli, wato ilmin ruwa da ƙasa da daji da yanayi. Iyaye da dama ba su san abin da yaron zai zama ba idan ya gama. Sun san likita, sun san malamin makaranta, sun san ma'aikacin duwan da ke bakin gada, amma masanin muhalli baƙo ne a wurinsu. Saboda haka tambayoyinsu ba su wuce biyu ba: wa zai ɗauki nauyin karatun, kuma ina ne yaron zai koyi aikin da hannunsa?

Ƙofar farko ita ce ta gwamnati. A Jamhuriyar Binin, bayan Bak ana jera ɗalibai ne bisa makin da suka samu a darussan da suka shafi fannin da suka zaɓa. Waɗanda suka zo a sama su ne ke samun cikakken bursi, na bayansu su samu ɗan tallafi, sauran kuwa su biya da aljihunsu. Ofishin da ke kula da wannan shi ne DBAU, a ƙarƙashin ma'aikatar ilmi mai zurfi. Guraben kaɗan ne, kuma yaron da ya yi karatunsa a ƙauyen da malamin lissafi ko na kimiyya ke wuyar samu, da yaron Kwatano ake gwada shi a ma'auni guda. Wanda ya samu, sai mu ce Allah ya sanya alheri. Wanda bai samu ba kuwa, kada ya ɗauka an rufe masa hanya.

Wuraren karatun ba ɓoyayyu ba ne. Jami'ar Faraku, wadda aka buɗe a 2001, ita ce mafi kusa da mu, kimanin kilomita 300, kuma tsangayarta ta aikin gona tana da sashen kula da albarkatun ƙasa. Jami'ar Abomey-Calavi, wadda ta girme ta da shekara talatin da ɗaya, tana da cibiyar CIFRED ta horo da bincike kan muhalli, da cibiyar nazarin ruwa ta ƙasa, da kuma ɗakin binciken halittu da muhallinsu wanda Farfesa Brice Sinsin ya kafa, mutumin da daga baya ya shugabanci jami'ar. Sai dai tsakaninmu da can ya haura kilomita 700, kuma kuɗin ɗaki da na abinci a kudu shi ne ke fara karya uba kafin kuɗin makaranta. A wannan jami'a ce gidauniyar Mastercard ta shigar da shirinta na ɗaukar nauyin yara masu ƙoƙari 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya tambayi ofishin jami'ar ko an buɗe neman gurbi a shekarar da yake ciki.

Amma akwai gaskiyar da ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri. Manyan bursin da ake jin labarinsu a wannan fanni, akasarinsu ba na masu karatun lisansi ba ne, na masu neman masta ne da dokta. Shirin WASCAL, wanda ma'aikatar ilmi da bincike ta Jamus ta ɗauki nauyinsa, hedkwatarsa kuma tana Akra, ya rarraba fannoni ne tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma: aka ba Abomey-Calavi canjin yanayi da albarkatun ruwa, aka ba jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai canjin yanayi da makamashi, Akure da Minna a Nijeriya su ma suka samu nasu. Tarayyar Afirka tana da cibiyar PAUWES a Tlemcen ta ƙasar Aljeriya, inda ake yin masta kan ruwa da makamashi, kuma wanda aka ɗauka ana biya masa komai. Akwai makarantar 2iE a Wagadugu mai horar da injiniyoyin ruwa da muhalli. Akwai hukumar DAAD ta Jamus mai biya wa ɗan Afirka karatu a jami'ar ƙasarsa ko ta maƙwabta. Sannan gidauniyar Rufford ta Ingila tana ba matasa ƙananan kuɗin bincike kan kare dabbobi da itatuwa, kuma 'yan Binin da yawa sun ci moriyarta.

Duk waɗannan, idan ka duba takardun neman gurbinsu, abubuwan da suke so kusan iri ɗaya ne. Suna so su ga makinka, suna so malamai su rubuto shaida a kanka, Rufford ma mutum uku take nema, suna so ka bayyana matsalar da za ka bincika da dalilin da ya sa kai ne ka dace da ita. Wato dai abin da ɗalibi ya yi a shekararsa ta uku, lokacin sitaji da rubuta kundin kammala lisansi, shi ne jarinsa. Wanda ya kwafo kundin wani ya canza sunan gari, ya kare shi gaban malamai ya wuce, ya samu takarda, amma ran da aka ce ya faɗi abin da ya gano da kansa sai ido ya raina fata.

To ina ne ɗan Malanbil zai yi wannan sitaji? A da amsar mai sauƙi ce: gandun dajin W, wanda aka kafa tun 1954, wanda kuma ɓangarensa na Binin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tare da Arly da Pendjari a 2017. Ɗalibai da yawa a can suka koyi ƙidayar giwaye da ɓauna da gane itatuwa. Ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar ɓangaren Binin a 2020. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a cikin dajin suka kashe mutum tara, a 2025 kuma aka kashe sojoji masu yawa a hare-haren da aka kai yankin. Babu malamin kirki da zai tura ɗalibi can da littafi da biro, kuma babu uwar da za ta yarda.

Ƙofa ta biyu ita ce Yamai, wadda ta fi Kwatano kusa da mu nesa ba kusa ba. A can ne cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, tana horar da ma'aikatan yanayi da ruwa da kare amfanin gona na ƙasashen CILSS, har da Binin. A can ne kuma hedkwatar Hukumar Kogin Kwara take, mai ƙasashe tara. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, kuma ko da Binin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ba ta buɗe nata ba a lokacin. Kwalekwale ya ci kasuwa, amma zuwa sitaji da takardar jami'a a hannu ya zama abin da sai an yi dogon lissafi.

Abin da ya rage, wanda kuma a ganina ya fi duka daraja, shi ne kogin da ke bayan gidajenmu. Kwara sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar da masana ke kira jan ruwa, a watannin Agusta da Satumba, wadda ruwan saman yankinmu ke kawowa ta ƙoramu irin su Gorouol da Dargol da Sirba daga wajen Burkina Faso, da kuma Mekuru da Alibori da Sota na ƙasarmu. Ruwan ja yake saboda ƙasar da ya kwaso. Sai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali, bai iso mana ba sai cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsofaffin masunta sun san baƙin ruwa shi ne babba. Amma a shekarun nan abin ya juya: a 2010 da 2012 da 2020 jan ruwa ne ya yi ɓarna, kuma a Satumban 2020 ma'aunin Yamai ya kai kimanin mita bakwai, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Mutanen Malanbil da Karimama ba sa bukatar a ba su labarin abin da ya biyo baya.

Dalilin da masu bincike suka bayar shi ne, an sare itatuwa, an mayar da daji gonaki, ƙasa ta daskare ta yi ɓawo, don haka ruwan sama ba ya nutsewa sai ya gangara kai tsaye zuwa kogi da yashi a bayansa, ga kuma ruwan da yanzu ke sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Wannan bayani ne na yanki baki ɗaya. Abin da cibiyoyin Yamai da Kwatano ba za su iya gani daga ofis ba shi ne yadda lamarin yake ƙauye bayan ƙauye: wace unguwa ce ruwa ke fara shiga, kwana nawa yake yi kafin ya janye, wace rijiya ce ke gurɓata, sanarwar gargaɗi ta iso kafin ruwan ko bayansa, kuma da wane harshe ta iso. Ɗalibin da ya zauna wata uku yana rubuta waɗannan da tsari, da kwanan wata da awo da taswira, ya riƙe abin da babban farfesa zai so ya karanta.

Ba ambaliya kaɗai ba. Filin noman shinkafa na Malanbil, mai faɗin fiye da hekta 500, yana da tambayoyinsa: kuɗin jawo ruwa, yashin da ke toshe magudanai, taki da maganin feshi. Gonakin auduga na Banikwara da Kandi suna zubo ruwansu a Alibori da Sota, kuma duk abin da aka fesa a can, ƙarshensa wurin kifin da muke ci ne. Masu albasa da tattasai a fadama suna da nasu. Dokar hana ledar da ba ta ruɓewa an yi ta tun Disamban 2017, amma wanda ya zaga kasuwarmu da yammacin ranar cinta zai yi tsammanin ba a taɓa jin labarinta ba. Ko auna yawan ledar da kasuwa ɗaya ke zubarwa a mako kundi ne guda. Ga bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa ƙasarmu zuwa Seme, kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin mansa a jirgin ruwa a watan Mayun 2024. Irin wannan aiki doka ta wajabta a yi nazarin tasirinsa ga muhalli, a kuma ci gaba da sa ido, kuma hukumar ABE ce ke duba irin waɗannan takardu. Wani ne zai yi wannan aiki shekaru masu zuwa. In ba 'ya'yanmu ba, to 'ya'yan wasu.

Wuraren da za su iya karɓar ɗalibi a nan gida su ma suna nan. Akwai hukumar bunƙasa noma ta kwarin Kwara, wato ATDA, mai kula da Malanbil da Karimama. Akwai ofishin magajin gari, da ofishin ma'aikatan ruwa da daji masu tsaron dajin Gungun, da ƙungiyar manoman shinkafa, da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Hanyar ita ce ɗalibi ya karɓo takardar gabatarwa daga sashensa, ya haɗa da wasiƙar neman sitaji, ya kai da ƙafarsa, ya kuma koma ya tambaya, domin takardar da aka ajiye aka tafi tana iya kwana a ƙarƙashin wasu. Kada ya sa ran albashi, galibi babu. Amma wanda ke kwana gidan ubansa yana cin tuwon uwarsa ya riga ya rage rabin wahalar da takwaransa ke sha a Kwatano. Abin da zai kula da shi shi ne kada sitajin ya ƙare a share ofis da sayo wa maigida ƙosai. Tun ranar farko ya nuna tambayar da ya zo bincika, ya nemi a haɗa shi da mai fita daji ko bakin ruwa.

Akwai wata dukiya da yaranmu ke rainawa, ita ce harshe. A aikinmu na rediyo mukan ga masu bincike sun zo daga kudu ko daga Turai suna neman tafinta, kuma rabin maganar manomi a hanya take zubewa kafin ta kai littafinsu. Yaron da ya tashi yana jin Dendi da Hausa da Zabarmanci, wataƙila har da Fulatanci, zai zauna da Sarkin Ruwa ko Arɗo ko matan da ke gyaran shinkafa su gaya masa abin da ba za su gaya wa baƙo ba. Wannan ya cancanci a rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar neman bursi. Harshen da ke ba su matsala shi ne Ingilishi, domin da shi ake karatun WASCAL, kuma akasarin sakamakon bincike da shi ake bugawa. Abin mamaki, ga Nijeriya nan a maƙwabtaka, ga 'yan kasuwar Kamba da Birnin Kebbi kullum a cikinmu, amma ɗalibi sai ya kai shekara ta uku bai iya rubuta wasiƙa da shi ba.

Ga iyayen 'yan mata kuwa, yawancin waɗannan shirye-shirye a fili suke cewa suna ƙarfafa mata su nema. Jami'ar Tarayyar Afirka ta sa iyakar shekarun neman masta 30 ga namiji, 35 ga mace. Bincike kan ruwan sha da itacen girki da sharar gida kuwa, mace ce ke iya shiga har cikin ɗaki ta yi tambaya.

Sauran batun lokaci. Fasfo da takardar haihuwa da takardun maki da aka buga wa hatimi, a tanade su kafin a ji sanarwa, domin wa'adin neman gurbi kan zama 'yan makonni ne, kuma daga nan zuwa Kwatano tafiyar yini ce cur. Shi kuma jan ruwa ba ya jiran kalandar jami'a. A Agusta yake zuwa, lokacin da akasarin ɗalibai ke gida hutu. Wanda ke shekara ta biyu, yake so ya rubuta kundinsa a kansa, to tun kafin a tashi hutu ya kamata ya samu malamin da zai duba masa aikin, su tsayar da tambayar da ƙauyukan da zai bi, ya kuma kai wasiƙarsa ofishin magajin gari kafin ruwan farko ya sauka.