Ko Ka Sani? Na'urar Nuna Hanya Ba Ta Fi Taswirar Cikinta Ba

Ko ka san cewa 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a gilashin gaban mota tana gaya wa direba ya yi dama ko hagu ba ta buƙatar layin waya, ba ta aika saƙo ko'ina, kuma ba a biyan ko sisi don siginar da take aiki da ita? Aikinta sauraro ne kawai. Can sama, tazarar kilomita 20,200 daga doron ƙasa, akwai taurarin ɗan'adam kimanin 30 na tsarin GPS, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara aikin a 1973, aka harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, kuma dare da rana abu biyu yake shelantawa: wurin da yake, da lokacin da ya yi maganar. Na'urar da ke mota sai ta duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso gare ta, daga nan ta gane nisan da ke tsakaninsu. Idan mutum ya ce maka nisansa kaza daga Kaduna, kaza daga Kano, kaza daga Funtuwa, ka zana da'irori uku a takarda, wuri ɗaya tak za su haɗu, kuma a nan yake tsaye. Haka na'urar take yi, sai dai ita tana neman taurari huɗu, domin da na huɗun take gyara kuskuren ɗan agogonta mai araha. Gyaran ya zama dole, don saƙon yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya gusar da mota mita 300 daga inda take.

Abin da wannan ke nufi ga mai neman na'ura mai sauƙin kuɗi shi ne, siginar da ke sauka a kan rufin mota a Zabi da ke Zariya ita ce dai ke sauka a Landan, kuma mai tsada da mai araha duk ita suke ji. Tun watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan, na'ura ta yau da kullum tana iya nuna matsayinka da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba idan sararin sama a buɗe yake. Amma abin da taurari ke bayarwa lambobi ne zalla. Game da Zariya za su ce digiri 11 da ɗoriya a arewa, digiri 7 da ɗoriya a gabas, shi ke nan. Ba su san Kwangila ba, ba su san hanyar da ta fita Samaru da Shika ta bambanta da wadda ta miƙe Kano ba. Taswirar da aka zuba a cikin na'urar ce take mayar da lambobin su zama titi da kwana da suna. Don haka ra'ayina shi ne, duk mai sayen na'urar nuna hanya taswira yake saye, kuma da ita ya kamata ya auna cinikin, kafin ya dubi girman fuska ko sunan kamfani.

A nan ne kayan gwanjo suke yaudarar mutane. Na'urorin Garmin da TomTom da ake shigowa da su daga Turai da Amurka yawanci da taswirar can suke zuwa. Za ka kunna, ta kama taurari lafiya lau, ta nuna motarka a kan fili fayau ko a gefen wani dogon layi guda, ba suna ba lungu. Ba ta lalace ba, garin ne ba ta sani ba. Gwajin kuwa ba shi da wuya, kuma a gaban mai sayarwa ake yin sa: a rubuta Hanwa, a rubuta Dogarawa, Basawa, Bomo, Hayin Dogo, a ga ko za ta samo su. Sannan a ce ta tsara tafiya daga Zabi zuwa asibitin koyarwa na Shika, a duba ko hanyar da ta zaɓa mai hankali zai bi ta. Wadda ta kasa wannan ba ta da amfani a gare ka ko da kyauta aka ba ka, sai fa in tana karɓar katin memori. Da yawa daga cikin na'urorin Garmin suna karɓar taswirar OpenStreetMap ta Najeriya a kati, kuma kyauta ake samun ta. Shekarun na'urar ma abin dubawa ne. Tsohon tsarin GPS yana ƙirga makonni ne zuwa 1,024 sannan ya koma sifili, kuma hakan ya faru ranar 6 ga Afrilu, 2019, inda wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta musu manhaja ba suka rikice da kwanan wata. Ita kanta taswira tana tsufa, domin titi ba ya zama yadda yake. Aikin sake gina babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano da aka fara a 2018 ya sauya wuraren juyawa da mashigai da dama, taswirar da aka zana kafin nan ba za ta san da su ba.

Idan taswira ce gaba da komai, to na'ura mafi araha ga yawancin direbobinmu tana cikin aljihunsu. Kusan kowace wayar Android tana da abin kama siginar GPS, da yawa ma suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, abin da tsohuwar na'urar gwanjo ba lalle ta iya ba. Nan take wani zai ce waya tana cin data, kuma da an fita gari sabis ya ɗauke. Wannan haɗa abu biyu ne da ba su da alaƙa. Siginar taurari ba ta bi ta turakun kamfanonin waya, abin da ke cin data shi ne janyo taswira daga intanet ana cikin tafiya. Google Maps yana ba da damar sauke taswirar yanki a ajiye a waya, manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps kuwa dama don aiki ba intanet aka gina su. Wanda ya sauke taswirar Kaduna, Kano da Katsina tun daga gida zai iya cire layinsa ma ya yi tafiyarsa. Mutanen yankin nan sun ga ranar wannan a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro: kira ya tsaya, intanet ya tsaya, amma taurari ba su daina magana ba. Abin da za a rasa in babu data shi ne labarin cunkoso, da kuma saurin farawa. Tauraro yana aiko bayanansa a hankali ƙwarai, cikakken jadawalin yakan ɗauki minti 12 da rabi, shi ya sa na'urar da ta daɗe a kashe takan jima tana lalube. A fitar da ita fili a yi haƙuri. Ƙurar hunturu da hadarin damina ba sa tare siginar, amma rufin kwano da ƙarƙashin gadar sama suna tarewa.

Masu fifita na'ura ta musamman suna da hujjar da ba za a raina ba. Waya ana kiranta, kira kuma yakan rufe taswira daidai lokacin da aka iso mararraba. Batirinta yana zuba da sauri, ga shi riƙe waya ana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kamawa a kansa, kuma da gaskiyarsu. Sai dai maganin duk wannan bai kai kuɗin sabuwar na'ura ba: tsohuwar waya da aka daina amfani da ita, marar layi, da mariƙi mai ƙarfi da cajar mota. A saita inda za a je kafin a tayar da mota, a buɗe murya, a bar hannu a sitiyari. Zafi kuwa bai bar kowa ba. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yakan doshi digiri 40, bayan gilashin motar da aka ajiye a rana ya fi haka nesa, kuma irin batirin da ke cikin waya da na'ura kumbura yake yi a wannan hali. A cire ta in an faka. Hakan ya kuma rage wa ɓarawo kwaɗayin fasa gilashi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsofaffin direbobi, masu cewa matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya shekara ashirin yana lodi daga Kwangila zuwa Funtuwa ba ya buƙatar wata murya ta koya masa hanya. A kan hanyarsa ta kullum, gaskiya ne. Amma Zariya gari ne na baƙi. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take janyo ɗalibai da iyayensu daga ko'ina, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana Palladan, ga barikokin soja, ga masu jinya da ake kawowa Shika cikin dare daga garuruwa masu nisa, lokacin da babu wanda za a tsaya a tambaya, kuma tsayawar ma ba kowa ke son yi ba. Shi ma direban Zabi baƙo ne ranar da aka ɗauke shi shata zuwa Jos ko Abuja. Inda nake tare da tsofaffin ɗari bisa ɗari shi ne batun amana. Taswira tana lissafin nisa da lokaci ne kurum. Ba ta san dajin da ba a shiga bayan la'asar ba, ba ta san hanyar burjin da ruwa ya yanke a watan Agusta ba, za ta iya tura ka ta yanke saboda ta rage maka kilomita goma. Kafin doguwar tafiya, musamman ta wajen Giwa da Birnin Gwari, labarin tasha yana gaba da na na'ura, kuma a saita ta ta guji hanyoyin da ba kwalta. A kuma lura da sunaye. Akwai Sabon Gari a Kano kamar yadda yake a Zariya, akwai Tudun Wada a Zariya da Kaduna da Gusau, akwai Samaru a Gusau da Samarun Kataf a kudancin Kaduna. A dubi duka layin tafiyar da adadin kilomita kafin a taka mota.

Masu tsoron cewa za a riƙa bin sawunsu su kwantar da hankali game da na'urar nuna hanya zalla, tunda ba ta da bakin magana. Na'urar bin diddigi da ake ɓoyewa a mota don maganin sata daban take, ita tana da layi a ciki, da shi take aika rahoto. Waya mai intanet ma tana iya ajiye tarihin wuraren da aka je, amma ana iya kashe wannan a saituna.

Saura giɓin da ke cikin taswirar kanta, domin har yanzu akwai layuka a unguwanninmu da ba su da suna a cikinta, wasu ma ba a zana su ba. Wannan ba ƙaddara ba ce. Lokacin yaƙi da shan inna a Arewa, an gano cewa taswirorin da ake zanawa da hannu suna tsallake rugage da ƙauyuka, sai aka sake zana su daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. OpenStreetMap, wadda aka kafa a Ingila a 2004, kowa yana iya buɗe asusu ya ƙara titi, masallaci, makaranta ko asibiti a cikinta, Google Maps ma yana karɓar gyara. Samaru cike take da ɗaliban nazarin ƙasa da safiyo, Zabi da Dogarawa cike suke da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da suka san kowane lungu da sunansa. Ya kamata ƙungiyoyin unguwa da na direbobi su haɗa waɗannan biyun su zauna su sa layukanmu a taswira da sunayen da muke kiran su. Kai kuma mai shirin saye, kada ka miƙa kuɗinka sai na'urar ta nuna maka unguwarku.