Lesin Ba Reno Ba Ne

Duk mai bin titin Damboa a Maiduguri wajen ƙarfe huɗu na yamma ya saba ganinsu: 'yan firamare cushe a Keke Napep, wasu na gyangyaɗi a kan jakunkunansu, leɓe ya bushe. Tun da sassafe suka bar gida. An tashi makaranta da azahar, aka riƙe su wai ana lesin, ga Islamiyya kuma tana jiransu.

Buƙatar wurin ajiye yaro bayan an tashi makaranta gaskiya ce. Uwa tana Sakatariyar Musa Usman, uba yana Monday Market. Rikicin Boko Haram kuma ya cika mazaɓar Maisandari da baƙin fuska, nan ne ma sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi ya zauna har aka rufe shi a 2021, don haka ba kowa ke sakin jiki ya bar ɗansa gidan maƙwabta kamar da ba.

Abin da ya ishe ni shi ne maganar da iyaye ke yi da bugun ƙirji: "Ai nawa sai huɗu suke tashi, makarantarsu ba wasa." Wa ya ce daɗewa a kan benci shi ne ilimi? Yaro ɗan shekara bakwai da ya yi awa shida yana kallon allo, abin da aka ƙara masa bayan nan zuba ruwa ne a tulun da ya cika. Malamin shi ma ya gaji. Sau da yawa darasin safe ake maimaitawa, ko a cika allo da rubutu a ce su kwafa, mai surutu ya sha bulala. A Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, ajin rufin kwano ne, fanka sai an ga wuta, cikin yaro kuwa babu komai sai biskit ɗin tara. Haba jama'a! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Wanda ya fito lesin ya faɗa Islamiyya, ya dawo da magariba ga jinga na jiransa, yaushe zai yi langa ko ƙwallo?

Laifin ƙarancin albashin malamai yana cikin wannan matsala ta lesin, na sani.

Kafin ka biya kuɗin lesin, je da ƙafarka, ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe biyu da rabi. Duba ko akwai ruwan sha da banɗaki mai tsabta. Tambayi yaushe suke cin abinci, a ina suke sallar azahar, kuma yara nawa ke hannun babba guda. Nemi a ba su hutu a inuwar darbejiya kafin a buɗe littafi, sannan lokacin ya tafi a jinga da karatun labari. Uwa ta sa tuwo ko shinkafa da wake a kula, da gorar ruwa babba. Ku ba makaranta sunan mai ɗaukar yaro da lambar wayarsa, ku ja kunnen maigadi kada ya miƙa shi ga wani, ko da ya ce shi kawunsa ne. 'Yan aji ɗaya da aji biyu kuwa barci suka fi buƙata. Tabarma ta fi musu alli. Idan gidaje huɗu ko biyar za su haɗa kuɗi su ba wata dattijuwa amintacciya a layinsu ta riƙe yaran zuwa la'asar, wannan ma hanya ce.

Makarantar da ta hana ka leƙa ajin lesin, kada ka ba ta ko sisi.